Ɗalibin da ya ƙi buga wasan ƙarshe

A Amurka jami'o'i na da ƙungiyoyin ƙwallo. Ba irin ƙwallonmu ta ƙafa ba, wata ce mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita, ƙarti su bi mutum su maka shi da ƙasa. Ƴan wasan ɗalibai ne, amma filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da dubu 100. In kakar wasa ta ƙare, daga Disamba zuwa farkon Janairu, ana gayyatar ƙungiyoyin da suka taɓuka abin kirki zuwa wasu wasannin rufe shekara da ake kira Bowl. Tun daga 2016 gwanayen ɗalibai suka fara ƙin buga waɗannan wasanni, manya kuma na ta zaginsu da butulci. Ni dai ina bayan yaran, ko da yake akwai inda abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Kowace shekara a watan Afrilu ƙungiyoyin ƙwararru na NFL suna zaɓen sabbin ƴan wasa ɗaya bayan ɗaya, kuma albashin yaro ya danganta da lambar da aka ɗauke shi. Ranar 1 ga Janairu 2016, Jaylon Smith na jami'ar Notre Dame, wanda ake sa ran zai fito cikin na farko-farko, ya buga Fiesta Bowl. Jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke. Da zaɓe ya zo, sai a lamba ta 34 aka ɗauke shi, miliyoyin daloli suka bi ruwa a wasan da ba a biya shi ko sisi na albashi ba. A ƙarshen wannan shekara Leonard Fournette na LSU da Christian McCaffrey na Stanford suka ce su kam ba za su buga ba. An ɗauki Fournette na 4, McCaffrey na 8. Jake Butt na Michigan da ya buga nasa wasan ya samu rauni a gwiwa, ya gangaro har zagaye na biyar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba sai an ce ka nemi ruwa ba.

A ranar 1 ga Janairu 2022, sanannen mai sharhi Kirk Herbstreit ya zargi ƴan wasan zamani a talabijin da cewa ba sa ƙaunar wasan. A daren ranar, Matt Corral na jami'ar Mississippi, wanda ya nace sai ya buga saboda abokansa, a ƙaramar mota aka fitar da shi daga fili da rauni a idon sawu.

Inda masu suka suke da gaskiya shi ne batun abokan nan. Ɗaliban da ke samun shiga NFL ba su kai 2 cikin 100 ba. Sauran, wannan wasa shi ne na ƙarshe a rayuwarsu, iyayensu sun yi doguwar tafiya don su gani. A Disamba 2023 jami'ar Florida State ta ci wasanninta 13 duka, aka ƙi saka ta cikin masu neman kofin ƙasa, gwanayenta da yawa suka janye daga Orange Bowl. Waɗanda suka rage, Georgia ta lallasa su 63 da 3. Duk malamin da ya taɓa haɗa yara aikin rukuni, mai ƙoƙarin cikinsu ya zame ranar gabatarwa, ya san irin wannan ciwo.

To amma a wurin wa suka koya? A ƙarshen Nuwamba 2021, Brian Kelly, mai horas da Notre Dame, ya ajiye aiki ya koma LSU kan kwangilar dala miliyan 95 ta shekara 10, sama da miliyar 50 na sefa ke nan. Ƙungiyarsa ta ci 11 cikin 12, tana jiran wasanta na rufe shekara, kuma ɗalibansa a kafofin labarai suka fara jin tafiyarsa. A makon nan Lincoln Riley ya bar Oklahoma ya tafi USC. An yi surutu na ƴan kwanaki, daga baya aka ce ai kowa na neman ci gaba. Dattijo mai dukiya, wanda ba gwiwarsa ce a fili ba, ya tafi an kira shi mai neman ci gaba. Yaro ɗan shekara 21, wanda wataƙila gidansu duka shi suke kallo, ya kare jikinsa an kira shi butulu. Wannan ma'auni biyu ne na kasa haɗiyewa, kuma mu malamai da iyaye mun san shi sarai: mu kan nemi yara su cika alƙawarin da suka ga mun saɓa.

Yanzu ma hujjar da ake kafawa ta cewa su ɗalibai ne kawai, ilimi kyauta ya ishe su lada, ta rushe. Tun Yuli 2021 aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu, kuma a Yuni 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekara ga kowace jami'a. Tunda abin ya zama aiki, a yi shi kamar aiki. Jami'ar da ke son gwaninta ya buga wasan ƙarshe ta rubuta haka cikin yarjejeniya, ta biya masa inshorar da za ta rufe asarar in ya karye. Kuma wannan sharaɗi na zama har ƙarshen kaka, a fara rubuta shi cikin kwangilar mai horaswa kafin a kawo wa ɗalibi tasa ya sa hannu.