HIRAR MALAMIN YAƘI DA JAHILCI: Yaro ya ci bak, yana son karatun kasuwanci. Ina za a kai shi?

 

Hirar wannan wata daga rumfar karatunmu ta fito. Wani dattijo cikin ɗalibaina, wanda bara ne ya iya rubuta sunansa, ya tsaya bayan an tashi. Ya ce mani: "Malam, yaron nan nawa ya ci bak. Ya ce karatun kasuwanci zai yi, kuma in ba Yamai ba, ba ya zuwa ko'ina. Ni kuwa sa guda gare ni. In sai da shi?"

Na ce: "Baba, kada ka taɓa san nan tukuna. Gobe ka zo mani da yaron, ya riƙo takardar makinsa."

Ni dai kun sani ban wuce sartifika ba. Amma mai tambaya ba ya ɓata. Na zauna da malaman lise, na zauna da ɗaliban jami'a da suka zo hutu. Abin da na tattaro shi ne na gaya ma dattijon, shi ne kuma zan gaya maku.

Da farko dattijon dariya abin ya ba shi. Ya ce: "Kasuwanci ma sai an je lakwal? Alhazan Maraɗi wa ya koya masu?" Yana da gaskiyarsa. Amma ka shiga wurin babban ɗan kasuwa ka duba. Za ka tarar da wani zaune da littafi ko kwamfuta, yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Shi ne kwantabul. Shi ya san haraji, ya san takardun duwan, ya san yadda ake magana da banki. Wannan ake koyo. Ƙashin bayansa lissafi ne. Bayan lissafi sai Faransanci, don da shi ake karatun. Ingilishi ma yana da amfani, tun da yawancin cinikinmu da Katsina da Kano ake yin sa.

A da jami'a guda ce ta gwamnati, ta Yamai, wadda ta soma a 1971, ake kiranta Abdu Mumuni. Shi ya sa har yau yaranmu in an ce jami'a, Yamai kawai suke gani. Amma a 2010 an kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara ta Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Sai dai ba kowace ke koyar da kome ba. Nan ne mutane ke ruɗewa. Jami'ar Maraɗi tana bakin ƙofarmu, amma ƙarfinta ga noma, kimiyya da aikin likita yake. Mai son tattalin arziki da tafiyar da kamfani, Yamai da Tawa zai fara dubawa.

Cikin jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram akwai wani reshe da ake ce ma IUT. Karatunsa gajere ne, na koyon aiki. Shekara 2 yaro ya samu takardar da ake kira DUT. Na Maraɗi na gini ne da lantarki da injuna. Na Damagaram yana da sashen jigilar kaya da sufuri. Na Tawa shi ne na kasuwanci sosai: riƙon kuɗin kamfani, dabarun saye da sayarwa. Amma wurin zama a IUT ƙidayayye ne. Zaɓe ake yi, ba duk mai so ke shiga ba. Babban sashen jami'a kuwa ƙofarsa ta fi faɗi. Shekara 3 ake yi a samu lasansi. Sai dai aji cike yake maƙil, malami ba ya sanin sunan kowa, yaron da bai iya riƙe kansa ba nan da nan yake ɓacewa. Akwai kuma makarantar ENA a Yamai, mai horar da ma'aikatan gwamnati, har da na haraji da baitulmali. Ita sai an ci kwankur, wato jarrabawar tankaɗe.

Washegari yaron ya zo da takardarsa. Ga yadda ake karanta ta, don ku ma ku iya. Maki bisa 20 ake ba da shi. Wanda ya tashi da 10 ya wuce. Daga 12 akwai yabo, daga 14 yabon ya ƙaru, daga 16 kuwa an kai ƙololuwa. Amma kada ku tsaya ga jimla kawai. Ku sa yatsa ga layin lissafi, ku sa ga layin Faransanci. Ku tambayi kuma wane irin bak ne. Mai G2 ko G3, irin wanda ake yi a lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi, ya riga ya taɓa littafin kuɗi. Mai C ko D ya saba da lissafi. Mai A, na harsuna da adabi, zai sha wuya shekarar farko in bai dage ba.

Yaron namu D gare shi. Jimlarsa 11 da rabi, lissafi 13, Faransanci 8. Na ce masa: "Ɗana, ji gaskiya. Kwankur ɗin ENA da Faransanci 8, sai ikon Allah. IUT na Tawa kana iya samu, kana iya rasawa. Babban sashen jami'a shi ya fi kusa da hannunka." Ya ɓata rai. Ya ce abokansa duka Yamai za su, shi takarda guda zai ajiye.

Na ce masa ya dubi gonar ubansa. Akwai jigawa, akwai fadama. Baba yana shuka gero, yana shuka dawa, yana jefa wake a tsakani. Ba don bai san abin da yake so ba ne. Don bai san yadda damina za ta kaya ba ne. Haka neman makaranta. A ajiye takarda inda ake buri, ko da samu da wuya. A ajiye inda ake da rabin tsammani. A ajiye kuma inda ake da tabbas. Wanda ya ajiye guda, aka ƙi shi, ya zauna gida shekara cur. Na ga irinsu, kuma ba kowa ke komawa karatu ba bayan zaman shekara.

Sa'an nan muka koma ga rumbu, don a nan maganar san take. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne. Tawa kusan rabin haka. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati ba shi ke karya uba ba. Abin da ke karya shi ɗaki ne, da abinci, da kuɗin mota, da kwafin darussa, wata bayan wata. Ɗakunan ɗalibai ba su isar kowa. Gwamnati tana ba da tallafin karatu, wanda yara ke ce ma burs, ta hannun hukumar ANAB. Amma ana duba maki, ana duba shekarun yaro, kuma ba duk wanda ya nema ke samu ba. Kada uba ya ɗora lissafinsa a kan kuɗin da bai shigo hannu ba. Ya tambayi kansa: ina da ɗan'uwa a garin nan da zai ba yaron wurin kwana? In ɗiya mace ce, wannan tambaya ita ce ta farko. Dattijon ya tuna ƙanwarsa tana aure a Tawa. A Yamai bai san kowa ba.

Saura makarantun kuɗi. Suna da yawa a Yamai, akwai su a Maraɗi da Damagaram. Shiga ba wuya, in ka biya an ɗauke ka. Akwai na kirki cikinsu, masu kai yara ga jarrabawar BTS ta gwamnati bayan shekara 2. Amma wani maƙwabcina ya sai da shanu biyu, ya biya wata makaranta mai babban allo a bakin titi. Yaro ya gama. Da ya je neman aiki aka ce ba a san takardar ba. Kafin ku ba da ko dala, ku ce a nuna maku takardar izinin gwamnati. Ku tambaya ko izinin ya haɗa da sashen da yaronku zai shiga. Ku nemi wanda ya gama can, ku ji inda yake aiki. In sun yi fushi da tambayar, ku ɗauki hularku.

Abu guda kuma da ke kayar da yaran ƙauye: takardu. Ana bukatar takardar haifuwa ko ta kotu da ke maye gurbinta, da takardar zama ɗan ƙasa, da ta cin bak, da ta maki, da hotuna. Kwafi ake kaiwa mai hatimin hukuma, ta asali a ɓoye ta a gida. Ku duba sunan yaro da ranar haifuwarsa, su zama iri ɗaya a kowace takarda. Harafi guda in ya saɓa, ana iya maido da su duka. Ku da kuka iya karatu yanzu, wannan aikinku ne, ba sai kun jira kowa ba. Kowace makaranta kuma da ranar da take rufe karɓa. Yaro ya riƙa sauraron rediyo, ya riƙa leƙa lisensa.

Dattijon da kansa ya bi sunan ɗansa da yatsa, takarda bayan takarda, har ya gano an rubuta sunan uba iri biyu. Sati biyu suka yi suna gyara. Yaron ya ajiye takarda a IUT na Tawa, da babban sashen Tawa, da na Yamai. Akuya guda aka sayar don hotuna, hatimi da kuɗin mota. San yana nan ɗaure a turke, muna jiran amsa.