Nasiha Ga Masu Gida Na Gwarzo Da Kabo A Kan Wutar Rana

 Wannan magana ce a kan wata mas'ala wadda ta shiga zaurukan malamai da rumfunan attajirai a ƙasar Gwarzo da ta Kabo, watau ko ya kamata mai gida ya bar janareta ya koma ga wutar rana, wadda jama'a ke kira sola. Amsa ita ce ya kamata, amma da sharaɗi: a shige ta da lissafi irin na fatake, domin hasken rana kyauta ne, abin ajiye shi kuwa da kuɗi ake saye.

Dalilin da ya kawo mas'alar sananne ne. Tun da aka kafa NEPA a 1972 mutanen karkara ke jiran wuta tsayayya. A 2013 aka sayar da sha'anin rarraba wuta, KEDCO ya karɓi Kano da Katsina da Jigawa, duk da haka janareta bai bar ƙofar gida ba. Sa'an nan ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 nan da nan, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000. A watan Oktoba na 2024 ɗin ne kuma Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa. Gwamnati da kanta ta juya ga rana, domin a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso.

To, ga lissafi. A ƙaddara gida yana ƙona lita 2 kowane dare, a ƙaddara lita a naira 900. Wannan 1,800 ke nan a kwana, 54,000 a wata, 648,000 a shekara, ban da baƙin mai da ladan makaniki. Kuɗi ne da ya tashi hayaƙi, bai bar wa magada kome ba. Wanda ya tara kwatankwacinsa ya sa a sola ya mallaki kaya, farantin da ke bisa rufi kuwa, in mai kyau ne, yakan yi shekara 20 ko 25 yana aiki. Ba ƙara da ke hana almajiri tilawa, ba hayaƙin da ya sha halaka iyalai cikin barci saboda an kunna inji a cikin ɗaki. Makarantar da ta dogara ga wutar kara domin karatun dare, ƙwan fitila biyu ko uku sun ishe ta.

Amma akwai inda ake faɗuwa, kuma wajibi ne a faɗe shi. Kayan sola uku ne: faranti mai karɓar haske, da batir mai ajiye shi, da inbata mai juya shi ya zama irin wutar da kayan gida ke sha. Faranti kamar gona yake, batir kuwa rumbu. Manomin Getso ko na Garo ya san albarkar gona ba ta amfanar wanda rumbunsa ke yoyo. Batirin dalma, wanda aka fi saye saboda arha, shekara 2 zuwa 4 yakan yi, zafin bazara yana rage masa kwana, haka kuma zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare. Batirin litiyam ya fi tsada ƙwarai, amma yana iya kai wa shekara 10. Wanda bai sa kuɗin sake batir cikin lissafinsa ba, kamar falke ne da ya ƙirga riba ya manta da kuɗin mota. Shi ne wanda bayan damina biyu za a ji yana cewa sola yaudara ce. Arha ba ta ado.

Saboda haka sharaɗi na farko, a rage ci kafin a sayi tukunya. Mai gida ya zauna ya rubuta abin da ke shan wuta a gidansa. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, na zamani mai wat 10 yana ba da haskensa. Dutsen guga na lantarki shi kaɗai yana shan wat 1,000, watau abin da zai kunna irin wannan ƙwai 100. A bar guga ga na gawayi, a ja ruwan rijiya da rana tsaka lokacin da faranti ke cikin ƙarfinsa, a bar wa batir fitila da fanka da cajin waya. Gidan da ya yi haka ƙaramar sola ta ishe shi, ya ƙara in Allah ya hore.

Na biyu, kulawa. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage aikinsa, sai a riƙa shafe shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi. A ajiye batir inda iska ke shiga. A nemi ma'aikaci wanda aka ga aikinsa a gidan wani, domin siririyar waya da mugun haɗi su ke jawo gobara. Mataccen batir kuma a mai da shi ga masu saye, kada a fasa shi a tsakar gida, gama dalma guba ce, ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga ƙurar dutsen zinariya.

Na uku, halascin kuɗin, nan ne aikin malamai yake. Wanda ya ci bashi mai ruwa domin ya tsira daga tsadar fetur ya gudu daga tarko ya faɗa rami. Ciniki na ajali, wanda aka yanke farashi guda tun farko, aka san ranakun biya, kuma ba ya ƙaruwa in an makara, jamhurin malamai sun halatta shi, ko da ya fi farashin hannu da hannu. Irin wannan ne murabaha da bankin Jaiz ke yi tun da ya fara aiki a 2012. Akwai kuma adashe, wanda 'yan kasuwa suka sani tun kaka da kakanni. Duk takardar da mai sayarwa ya kawo, a kai wa malami ya duba ta kafin a sa hannu.

Na huɗu ya shafi gidan gandu, inda wa da ƙane da iyalansu ke zaune a gida ɗaya. In an haɗa kuɗi, a rubuta rabon kowa da shaidu, a kuma yi yarjejeniya a kan abin da kowane sashe zai kunna, da wanda zai biya sabon batir. In mutum ɗaya ya saya, a bayyana ko mallakarsa ce ko kyauta ya yi wa gida. Kaya ne mai daraja da zai iya wuce mai shi a duniya, ranar rabon gado kuwa abin da ba a rubuta ba shi ke raba zumunta.

Wani zai ce talakan da ke neman na tuwo ina shi ina wannan lissafi. Gaskiya ne babbar sola ba ta kowa ba ce. Amma ƙaramar fitila mai farantinta, wadda ke cajin waya, tana hutar da gida daga sayen batirin tocila kowane mako, da sannu kuma ake hawa. Attajirin da Allah ya buɗa wa, in ya sa wa masallaci ko makarantar allo, ya yi sadaka mai gudana, muddin ya ware mata abin gyara.

Allah ya ba masu gida ikon ciyar da iyali da halal, ya tsare su daga almubazzaranci da riba, ya haskaka gidaje da zukata, amin. Haza wassalamu.