Yaron Da Ya Gudu Daga Bamfiliya

 A damanar da ta wuce, sa'ad da aka rarraba mu ƙauyuka domin gwajin koyarwa, rabonmu mu huɗu ya faɗa kudancin Kano, aka sauke mu a wani ƙauye tsakanin Bebeji da Kiru. Mu huɗu muka tafi, mu uku muka komo, gama ɗayanmu ya yi mako uku, zazzaɓi ya kama shi, kewar gida ta taru masa, ya naɗe tabarmarsa da asuba bai sallami kowa ba. Maganarsa tana gaban hukumar makaranta yanzu. Kafin a yanke, muna roƙo a ji wani abu da muka koya a can, daga bakin mutanen da aka aike mu mu koya wa 'ya'yansu.

Wanda bai san ƙasar ba, ga kamanninta. Ruwa ya fi sauka can bisa ga birni, masara da dawa da rake suna yi ƙwarai. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, tana nan kusa, in kuwa ka miƙa kudu ta Tudun Wada sai Dajin Falgore, har ka kai Doguwa da duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza. Cikin waɗannan ƙasashe akwai Maguzawa da yawa, Hausawa ne gaba da baya, waɗanda kakanninsu suka riƙe tsafi da iskoki. A ƙarnin da ya shige waɗansunsu suka musulunta, waɗansu suka shiga Kiristanci. Kusan rabin yaran ajinmu 'ya'yan Kirista ne, su Bitrus, su Rahila, su Saratu. Littafinsu Mai Tsarki da Hausa su ke karanta shi, gama tun 1932 aka buga shi dukansa da harshenmu, Likita Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979.

Mai masaukinmu dattijon ikilisiya ne, manomi, mai ƙarancin magana. Ranar da abokinmu ya gudu kunya ta rufe mu, muka yi ta zaginsa a gaban dattijon domin mu wanke kanmu. Ya ƙyale mu har muka gaji, sa'an nan ya tambaye mu ko mun san labarin Markus. Muka ce a'a. Ga yadda ya ba mu shi, mun kuwa karɓi littafinsa daga baya mun duba, muka tarar haka ya ke cikin Ayyukan Manzanni, sura 13 da ta 15.

Bulus da Barnaba suka tashi daga Antakiya yawon wa'azi, suka ɗauki wani saurayi, Yahaya wanda a ke kira Markus, ɗan'uwan Barnaba, ya zama mai taimakonsu, watau ɗan koyo kamarmu. Ya bi su suka ratsa tsibirin Kubrus lafiya. Da suka haye teku suka sauka ƙasar Bamfiliya, inda hanya ta fara wuya, sai yaro ya juya ya koma Urushalima, inda gidan uwarsa ya ke. Littafin bai faɗi dalilinsa ba, mu ma ba za mu ƙaga masa ba. Da lokacin tafiya ta biyu ya yi, Barnaba ya ce a sake ɗaukarsa, Bulus ya ƙi ƙememe, gardama ta yi zafi har aminan nan biyu suka rabu. Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus. Bayan wajen shekara goma sai ga Bulus ɗin nan, cikin wasiƙarsa ga mutanen Kolosi, yana umurtarsu su karɓi Markus in ya zo. Cikin wasiƙarsa ta biyu ga Timoti kuma, yana kurkuku, ya roƙa a zo masa da shi domin yana da amfani gare shi. Kirista sun ɗauka shi ne ya rubuta Bisharar Markus, Kibɗawan Masar kuwa har yau shi su ke lissafawa mafarin ikilisiyarsu a Iskandariya.

To, wa ya fi gaskiya cikin manyan nan biyu? Mun yi dare muna jayayya a kan wannan, mu uku, a gindin fitila. Kada a raina hujjar Bulus. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Tafiya ce mai jifa da duka da ɗauri, ba ya so ya jingina ransa ga wanda ya taɓa zame masa. Mu ma mun ga abin da gudun malami ya ke jawowa: yara arba'in da 'yan kai suka zauna kwana da kwanaki ba mai duba allonsu, har iyaye suka fara janye su zuwa gona, kuma wanda aka janye da wuya ya komo. Amana ce aka ci, ba mu ce ba a ci ba.

Duk da haka mu dai bayan Barnaba mu ke, kuma ba don tausayi kaɗai ba. Ku duba inda ya kai yaron. Kubrus ya kai shi, ƙasar haihuwar Barnaba kansa, ƙasar da Markus ya riga ya taka sau ɗaya bai kāsa ba. Bai jefa shi wurin da ya karya shi ba, bai kuma bar shi a ɗakin uwarsa ya ruɓe da kunya ba. Ya mai da shi bakin aiki daidai ƙarfinsa, a ƙarƙashin idonsa. Wannan dabarar mai horon ɗan maraƙi ce, wanda ba ya ɗaura masa garma a fako ran farko. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma magani sai da gwani, Barnaba kuwa gwani ne.

Muka tambayi dattijon don me labarin nan ya zauna a bakinsa haka. Ya ce jama'a kaɗan ba ta da mutanen zubarwa. Da muka bi tarihi muka ga abin da ya ke nufi. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an kashe wani Malam Ibrahim a kasuwar birni saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Almajiransa, waɗanda a ke kira Isawa, suka watsu wajen Ningi da kan iyakar Kano da Zazzau. Su a lokacin Musulmi su ke ɗaukar kansu. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Miller a Zariya, aka kafa musu ƙauyen Kirista a Gimi, ba nisa ƙwarai da iyakar kudancin Kano. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, sauran suka tashi, daga bisani aka taru a Wusasa wajen 1929. Cikin 2007 kuma, aka yi tarzoma a Tudun Wada, aka ƙone majami'u, aka rasa rayuka. A irin waɗannan ranaku wani ya tsaya, wani ya gudu, wani ya yi shiru ya ɓoye sunansa. In ƙura ta lafa, mai gudu ya komo yana sunkuyar da kai, sai jama'a ta zaɓa, ko Bulus ko Barnaba. Dattijon ya ce da sun rufe ƙofa ga duk wanda ƙafarsa ta taɓa rawa, da ɗakin sujadarsu ya zama rumbu.

Ya ƙara mana da Bitrus, wanda ya yi musun ubangidansa sau uku cikin dare ɗaya, aka kuma tambaye shi ƙauna sau uku, aka danƙa masa kiwon garke. Wannan sananne ne wurinsu, ba sai mun tsawaita ba. Wanda ya fi kama mu shi ne na Iliya, wanda muka sani tun makarantar allo da sunan Annabi Ilyasu. Bisa ga littafinsu, Sarakuna na fari sura 19, bayan ya ci nasara kan annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, ya tsere har jejin Biyer-sheba, ya zauna gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Me aka fara yi masa? Ba faɗa aka yi masa ba. Barci aka bar shi ya yi, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Sai da ƙarfinsa ya komo ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, can aka tambaye shi abin da ya kawo shi, aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, alhali yana tsammani shi kaɗai ya rage. Kāna aka mai da shi bakin aiki, aka ba shi Elisha abokin tafiya. Kirista na can suna kiran wannan sabuntawar ruhu, suna kuwa lura da jerin yadda ta zo: abinci, barci, tambaya, aboki, aiki.

Kai, da muka ji wannan sai jikinmu ya yi sanyi, gama mun tuna daren da abokinmu ya kwana yana rawar ɗari, mu kuwa muna ta shirin darasin gobe domin mai duba aiki zai zo. Ba wanda ya dama masa kunu cikinmu. Matar mai masaukinmu ce ta kawo masa, da safe, ta tarar ya tafi.

Saboda haka ga roƙonmu ga malamanmu, Allah ya ja zamaninku. Ba mu ce a shafe laifin ba. A rubuta shi, a sa ya biya makonnin da ya ci na yara. Amma kada a kore shi. Nan gaba kaɗan za a aike da yawanmu wurare irin su Doguwa da Riruwai, inda hanya ta ke yankewa da damana, kuma ba mai iya rantsuwa cikinmu cewa ƙafarsa ba za ta yi rawa ba. In an yarda, a mai da shi ƙauyen nan da ya sani a zango mai zuwa, tare da ɗaya daga cikinmu uku, ko wanne aka zaɓa. Mun riga mun aika wa dattijon, ya ce ɗakin yana nan, an ma sake yaɓe inda ya ke yoyo.