Ƙananan Makarantun Ƙauyukan Nijar: Ina Gizo Ke Saƙar?

Duk wanda ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙwanni, ya saba ganin ƙananan makarantun gwamnati a gefen ƙauyuka: aji biyu ko uku, wani na siminti wani na zana, malami ɗaya na fama da yara masu shekaru daban-daban a wuri guda. Tambayar da ta dame mu ita ce, me yaran nan ke koya?

Binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar da suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 sun kai kusan uku cikin goma. An samu ci gaba, amma da sauran rina a kaba.

A namu ganin, matsalar ta fi yawa wajen lokacin da yaro ke samu a aji. A takarda, shekarar karatu na farawa a watan Oktoba ta ƙare a Yuni. Amma ajin zana sai an girbe gero an samu kara kafin a kafa shi, kuma ruwan farko na sauka an tashi. Ga kuma haɗarin gobara: idan ba a manta ba, a 2021 wuta ta kashe yara aƙalla 20 a irin waɗannan azuzuwa a Yamai cikin Afrilu, ta kashe fiye da 20 a Maraɗi cikin Nuwamba.

Sai kuma batun waɗanda ke cikin ajin. Yaran manoma da makiyaya ne da na 'yan kasuwa, masu jin Hausa ko Fulatanci a gida, amma aka daɗe ana koyar da su da Faransanci. Ajin farko kan cika, na shida ya koma 'yan tsiraru, musamman 'yan mata da talla da aure ke kwashewa, duk da dokar 2017 mai kare karatunsu har shekara 16. A ajin da ɗalibai goma ne kacal, ficewar yarinya ɗaya asarar kashi 10 cikin 100 ce.

Nan ne abin ya shafe mu. Ranar kasuwa da muke murna da ita, ita ce ranar da benci ke zama fayau saboda dako da talla. Gobe kuma yaran nan ne za su riƙe mana lissafin saifa da naira, su karanta takardar kwastan.

Gina aji aikin hukuma ne. Amma barin yaro ya gama darasi kafin ya ɗauki faranti, wannan a hannunmu yake. Allah Ya sa mu gane.