Sharhi: Dutsen ganet da darasin da ke cikinsa ga masu haƙa, daga Gadarif zuwa Kayes

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, jihar Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira. Ƙwadagon gonakin riɗi da dawa, wanda Hausawan yankin suka daɗe suna cin abinci da shi, yanzu hannaye sun yi masa yawa. Shi ya sa hankalin matasa ke ƙara karkata ga ramukan zinariya na yankin Butana.

Zinariya ce ƙashin bayan kuɗin shigar Sudan tun 2011, lokacin da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. Ƙananan masu haƙa ne ke tono mafi yawanta, kuma akasarinta Dubai take nufa. Duk wahalar mai haƙar zinariya, yana da kariya ɗaya: farashin giram sananne ne a duniya, yana iya duba shi a wayarsa kafin ya sallama. Duwatsu masu launi ba su da wannan gata, kuma ganet ne ya fi nuna hakan.

Suna ɗaya, daraja daban-daban

Sunan ganet ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin rumman, saboda jan nau'insa ya yi kama da 'ya'yan rumman. Amma dangi ne guda mai 'ya'ya da yawa, sinadarin da ke cikin kowanne ne ke ba shi launi da daraja.

Almandin, mai duhun ja saboda baƙin ƙarfen da ke cikinsa, shi ya fi yawa kuma ya fi araha. A Indiya da Ostireliya ana sayar da yashinsa da tan, ana goge ƙarfe da yanka shi da shi a masana'antu. Rodolayit, ja mai sirkin shunayya, yana fitowa daga Tanzaniya da Mozambik, kuma ya fi shi kuɗi. Sifesatin, mai ruwan lemo saboda manganis, ya ɗaga sunan Najeriya a ƙarshen shekarun 1990, da aka same shi a yankin Iseyin na jihar Oyo. A 1994 kuma aka gano wani nau'i mai ruwan ɗorawa da sirkin kore a yankin Kayes, wanda har yau kasuwa ke kira ganet ɗin Mali.

Korayen su ne manya. Campbell Bridges ya gano tsaborayit a Tanzaniya a 1967, kamfanin Tiffany na Amurka ya raɗa masa suna daga gandun dajin Tsavo na Kenya a 1974. Shi da dimantoyid na tsaunukan Ural a Rasha, kyakkyawan ƙwaya ɗaya na iya fin buhun almandin kuɗi. Inda kuɗi ya kai haka, rikici ba ya nisa: an kashe Bridges a 2009 kusa da garin Voi, a takaddama kan filin haƙa.

Wa ke cin ribar?

A wannan tazara ne dillali ke samun nasa. Mai haƙa yana sayar da tuli a dunƙule, da ido kawai, sau da yawa ga wanda ya ba shi bashin abinci da kayan aiki. Dillalin Jos, Ibadan ko Bamako ya tsince masu tsabta, ya ware su nau'i-nau'i. Daga nan sai Jaipur a Indiya ko Bangkok a Tailan, inda ake yankawa da gogewa, farashi ya ninka. Kuskuren kan zo ta fuska biyu: wani ya ɗauki jan ganet a matsayin yakutu ya zuba jarinsa ya yi asara, wani ya sayar da kore mai tsada a kuɗin tsakuwa. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Wasu ƙasashe sun fara toshe wannan ɓaraka. Tanzaniya ta buɗe kasuwannin ma'adinai na hukuma a yankunanta a 2019, Kenya kuma ta gina cibiyar tantancewa da yankan duwatsu a Voi. Najeriya ta ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai a 2024, sai dai tsare rami daban, sanar da mai haƙa darajar abin da ya tono daban.

A Sudan, inda yaƙi ya sa ido ya koma kan zinariya kaɗai, da wuya a ga irin wannan cibiya nan kusa. Abin da ya rage ga matashin Gadarif da ɗan'uwansa na Kayes ko Oyo shi ne abin da ke hannunsu: wanke dutse, haska shi da tocila a ga tsabtarsa, ware launuka kafin ciniki, da jin tayin mai saye fiye da ɗaya. Zumuncin Hausawa da ya ratsa iyakoki, wanda WhatsApp ya ƙara kusantowa, ya isa ya kai hoton dutse gaban wanda ya san shi kafin a ce an sallama.