Tsere ne ko Rakiyar Amarya?

Duk wanda ya taɓa shigo da mota Kasuwar Singa da hantsin Litinin ya san wata doka da ba a rubuta ba: wanda ya riga shiga layi shi zai riga fita. Tirela ta tsaya ana sauke buhunan sukari, a-daidaita-sahu ya cusa kai ta gefe, mai kura ya tokare ɗan sararin da ya rage. Komai ƙarfin injinka, komai gwanintarka, bayan na gabanka za ka bi har bakin titi. Ba a taɓa samun wanda ya biya kuɗi don ya kalli wannan gosulon ba. Amma ga mamaki, masu kuɗin duniya suna tururuwa kowace shekara zuwa Monako don kallon irinsa, har suna kiransa sarkin tseren motoci.

Kada mai karatu ya ce na yi ƙari. A ranar 26 ga Mayu, 2024, aka yi tseren Formula 1 a titunan Monako, zagaye 78. Direbobi goman da suka tashi a gaba su ne suka ƙare a gaba, kowa a gurbin da ya fara, Charles Leclerc na jan ragama. Washegari ina shagon kawuna ina sake kallon tseren a waya, sai wani dattijon ɗan dako ya leƙo ta kafaɗata. Ya daɗe yana kallon motocin a jere, sannan ya ce, "Yaro, wannan tsere ne ko rakiyar amarya?" Na buɗe baki zan kare abin da nake so, na rasa ta cewa. Baba bai san sunan direba ko ɗaya ba, amma ya san abin da masu tallata wasan suke so mu manta: in na baya ba shi da hanyar wuce na gaba, to babu tsere.

Dalilin a fili yake. Motocin da aka yi wannan tseren da su faɗinsu mita biyu ne, titunan kuwa tun 1929 ake tsere a kansu, lokacin da motoci suke sirara. Ga bango dama da hagu, kuma babu miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon da za ta ba na baya damar matsowa ya ja birki a makare. Ga kuma matsalar iska: motar tsere da iska take manne wa kwalta, wadda ke gaba kuwa tana barin hargitsattsiyar iska a bayanta, sai mai bin ta ya rasa riƙo a kwana, tayoyinsa su yi zafi, dole ya ja baya. Ban musa wa Monako abu ɗaya ba. Ranar Asabar, lokacin da kowane direba ke zagayen neman gurbin tashi yana gogar bango, kallon yana tsayar da numfashi. Sai dai wannan gwajin mutum ne da agogo. Ranar Lahadi ce aka sayar wa 'yan kallo a matsayin tsere, kuma ita ce fanko. Da aka tilasta canjin taya sau biyu a 2025 don a motsa wasan, sai aka yi gyaran gangar Abzinawa: wasu direbobi suka riƙa rage gudu da gangan suna tare hanya don abokan ƙungiyarsu su samu rata.

Wani zai ce laifin tsufan titi ne, kuɗi za su gyara. Nan ne gardamata ta fi zafi, domin wannan ita ce maganar da nake ji daga 'ya'yan manyan diloli da suka je Dubai suka dawo: a gina mana irin ta Abu Dabi! To, mu duba ta Abu Dabin. An buɗe fagen Yas Marina a 2009, zanen Bajamushe Hermann Tilke, da fitilu masu mayar da dare rana da otal da ya haye saman hanya. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a tseren ƙarshe na 2010, Fernando Alonso ya shigo yana kan gaba a maki, cikin motar Ferrari, ya maƙale a bayan Vitaly Petrov kusan zagaye arba'in. Ya ƙare na bakwai, kambun duniya ya tafi hannun Sebastian Vettel. An zubar da dukiya a sahara, an kuma gina gosulo mai fitila. Masu fagen da kansu sun amsa laifi a aikace, domin a 2021 sun sake fasalin kwanoni da dama don a samu damar wucewa.

Yanzu a kwatanta da Interlagos ta birnin Sao Paulo a Burazil, tsohon fage mai tsawon kilomita huɗu da 'yan kai, wanda ba ya da wani ado na a zo a gani. Yana zaune cikin kwari kamar ƙwarya, don haka mai zama a tudu yana hangen babban ɓangaren hanyar da idonsa. Akwai doguwar hanya mai hawa da take ƙarewa a kwana mai gangara, inda mai ƙarfin zuciya zai jinkirta birki ya sha gaba, in ya yi kuskure kuma a rama masa a kwana ta biyu. Ga ruwan sama da ba ya sallama. A nan ne, a 2 ga Nuwamba, 2008, Felipe Massa ya ci tsere a gaban mutanen garinsa, danginsa suka fara murnar kambun duniya, sai Lewis Hamilton ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe, ya zo na biyar, ya ɗauke kambun da maki ɗaya tak. Murnar ba ta kai minti ɗaya ba.

Me ya haɗa Bakano da wannan, alhali rabon Afirka da Formula 1 tun tseren Kyalami na 1993 a Afirka ta Kudu? Abin da ya haɗa mu shi ne tseren ya riga ya iso garinmu, fage ne kawai bai iso ba. Samarinmu suna wasan mota a titunan da mata da yara ke tsallakawa, suna murza taya a wurin biki, kuma 'yan sanda sun sha haramta shi tare da kilisa, yana lafawa ya dawo. Na taɓa tsayawa a wani biki na ga mota ta ƙwace wa yaro ta yi kan masu kallo. Allah ya taƙaita, amma wani almajiri ya bar wurin da karaya, kuma ba shi ya zo kallo ba, wucewa yake da robarsa. A tseren Turawa tarin tayoyi ne ke tare motar da ta ƙwace. A namu, ƙafafun talakawa ne.

Abin takaicin shi ne ba ma bukatar wani Bajamushe ya koya mana sirrin. Filin Sukuwa yana nan a Nasarawa. Wanda ya taɓa kallon sukuwar dawaki ya san me ke tayar da jama'a tsaye: da'irar a buɗe take, idonka na kan dawakin tun daga tashi har ƙarshe, kuma dokin da ya yi lamɓo a baya yana da faɗin da zai fito ta waje ya cinye a miƙewar ƙarshe. Ba gudu ne ke sa ihu ba, domin ƙaramar motar haya ta fi kowane ingarma sauri. Rashin sanin wanda zai ci ne.

Don haka in har hukuma ko attajiran kasuwarmu za su sa hannu, ina roƙon a bar mafarkin fitilu da otal. A samu fili a bayan gari, a shata hanyar jar ƙasa mai faɗin da motoci uku za su jera, a sa doguwar miƙewa ta ƙare a kwana mai tsanani, a tara tudun ƙasa kewaye don kowa ya hango, a jera tsofaffin tayoyi tsakanin mota da mutum, a ajiye motar asibiti. A raba motoci aji-aji, don kada ɗan Alhaji ya ci tsere da aljihun mahaifinsa. Na san za a ce ana fama da tsadar buhun shinkafa, wa ke ta tsere? Ni da nake rubuta rasit ɗin buhun kullum na fi kowa sanin zafinsa. Amma hani kaɗai mun gwada shi shekara da shekaru, almajirin nan bai amfana da shi ba.

Kafin Baba ya tafi ranar nan, na nemo masa zagayen ƙarshe na Interlagos. Ya sauke gammonsa, ya matso da fuska kusa da wayar. Da Hamilton ya wuce, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, maido min baya, ta ina ya bi?" Sau uku na maido masa, kawu yana ta kiran a zo a ɗauki katan ɗin taliya.