Tsohon jirgin katako: Kada a yi cinikin biri a sama

A Ingila, tsohon jirgin katako na yawo a hanyoyin ruwan da aka haƙa yakan fi na ƙarfe araha. Sai dai araha ba ta ado. Ruɓa a ƙarƙashin fenti take ɓuya, don haka wanda ya biya kuɗi ba a fito da jirgin tudu masani ya duba gindinsa ba, kifi ya saya a ruwa.

Bayan saye, ga lasisin Canal & River Trust, ga binciken lafiyar jirgi duk shekara 4, ga toshe tsaga da kwalta.

A ganina, mai neman sauƙi ya sayi na ƙarfe. Na katako amana ne. In ya ruɓe, tarihi ya bi ruwa.